Ƙwayar Alkama a Gida 64: Me Ke Cikin 18,446,744,073,709,551,615?

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata lamba na kawo mu tattauna a kanta: 18,446,744,073,709,551,615. Lambobi ashirin ne a jere. Da yawanku kun san labarin da ya haife ta. An ce wani masani a ƙasar Indiya ya ƙirƙiro wasan nan mai kama da dara da Larabawa ke kira shaɗaranji, wanda allonsa ke da gida 64. Sarki ya ji daɗin wasan, ya ce masa ya faɗi abin da yake so. Sai ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na ƙarshe. Idan aka tattara ƙwayoyin duka, wannan lambar ce za ta fito. Girmanta kowa na jinjina masa, amma ba shi ne ya kawo ni ba. Ina so mu buɗe cikinta. Wace irin lamba ce? Me ke raba ta? A wane aji masana suka ajiye ta?

Ɗan Dawanau: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a shiga cikinta, ni dai a fara gaya mini buhu nawa ne. Mu da buhu muke gane yawan hatsi. Kuma gaskiya ina shakkar a ce sarki guda ya gaza biyan abin da aka fara da ƙwaya ɗaya.

Malamin Lissafi: Alhaji, mu ƙaddara ƙwaya ashirin ke yin giram ɗaya, kuma buhu kilo 100 ne. Rabin allon, wato gida 32 na farko, ƙwaya 4,294,967,295 ce, kimanin buhu 2,147. Wannan ba zai tayar maka da hankali ba. Amma allon duka zai kai buhu fiye da tiriliyan 9, wato tan biliyan 922 da 'yan kai. Alkamar da duniya baki ɗaya ke nomawa a shekara ba ta wuce tan miliyan 800 da wani abu ba. Sai a shekara fiye da dubu ana tarawa, ba a ci ko ƙwaya ba.

Ɗan Dawanau: Rabi buhu dubu biyu, cikakke tiriliyan tara? Ai rabi rabi ne, Malam.

Almajirin Zaure: Alhaji, shakkarka tana da tarihi. Ibn Khallikan, alƙalin nan masanin tarihi da ya rasu a 1282, ya kawo wannan labarin a inda yake bayanin rayuwar As-Suli, gwanin shaɗaranji na fadar Bagadaza. Shi ma ya ce abin bai kwanta masa ba, sai da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya ya zauna ya nuna masa. Dabarar mutumin irin taku ce ta 'yan kasuwa. Da aka zo gida na 16, inda ƙwaya ta kai 32,768, sai ya ce a bar ƙirga ƙwaya, a ɗauka mudu ɗaya ne. Aka ci gaba da ninka mudu har ya zama manyan ma'aunai. A gida na 40 ya ce a ɗauka rumbu guda ne. A gida na 50 rumbuna sun kai 1,024, ya ce a ɗauka gari guda ne cike da hatsi. Daga nan zuwa gida na 64 garuruwa suka zama 16,384. Tun kafin shi ma, Al-Biruni ya riga ya rubuta lambar cif-cif wajen shekara ta 1000, ta hanyar ninka 16 da kanta sau 16 sannan ya cire ɗaya.

Malamin Lissafi: Allah ya ƙara ilimi. Alhaji, abin da ke rikita mutane shi ne kowane gida shi kaɗai ya fi duk gidajen da suka gabace shi a haɗe, da ƙwaya ɗaya tak. Duba: 1 da 2 uku ne, gida na gaba 4. 1 da 2 da 4 bakwai ne, gida na gaba 8. Don haka gida na 64 shi kaɗai yana ɗauke da 9,223,372,036,854,775,808, fiye da rabin dukiyar. Daga nan ne kuma muke gane cewa jimillar ita ce 2 a ninka ta da kanta sau 64, a cire ɗaya. Za mu riƙa rubuta ta 2^64 − 1. Ku riƙe wannan siffar, duk sirrin lambar a nan yake.

Ɗan Dawanau: To da a ce darar ƙofar shagonmu ce, mai layi biyar gurbi shida-shida?

Malamin Lissafi: Gurbi 30 ke nan, ƙwaya 1,073,741,823, kimanin buhu 537. Da kai kaɗai ka biya ba tare da ka nemi rance ba.

Ɗalibar Jami'a: Malam, in fara da abin da ido ke gani. Lambar mara ce, ba cika ba, tunda da 5 ta ƙare, kuma wannan 5 ɗin ya nuna 5 tana raba ta. Na haɗa lambobinta ashirin ɗin na sami 87. Uku tana raba 87, tara ba ta rabawa, don haka 3 na raba lambar amma 9 ba ta yi. Ke nan ba ta cikin lambobi marasa rabuwa, waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya da kansu.

Mai Kwamfuta: Ƙanwata, hutar da kanki. Na ba kwamfuta, ko daƙiƙa ɗaya ba ta yi ba:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Guda bakwai ne, dukansu marasa rabuwa. Mu masu rubuta manhaja kullum muna karo da wannan lambar. Ita ce mafi girman abin da gurbi 64 na kwamfuta zai iya riƙewa idan babu alamar ragi. A harshen na'ura, na sifiri da ɗaya, ɗaya ce sau 64 a jere ba sifiri ko guda. Idan manhaja ta yi kuskuren cire ɗaya daga sifiri a irin wannan ma'ajin, sai ta zagaya ta faɗo kan wannan lambar. Wanda ya taɓa ganin 18446744073709551615 ta fito masa a inda ba ya tsammani, galibi abin da ya faru ke nan. Ina kuma jan kunnen masu son gwadawa a Excel: lambobi 15 na farko kawai yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifiri, sai ka ga 18446744073709500000. Amma dai batun masu raba ta, ina ganin an gama.

Malamin Lissafi: Injiniya, amsarka daidai ce, amma ban yarda an gama ba. Ka kawo mana sunaye bakwai, ba ka gaya mana abin da ya tara su ba. Me ya sa 17 ta shiga, 7 da 11 da 13 ba su shiga ba? Me ya sa babu wadda ta maimaitu? Lambar darar Alhaji, 1,073,741,823, ita 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331 ce. Uku ta zo sau biyu, 7 da 11 suna ciki. Dukansu ninkin biyu ne a cire ɗaya, amma ginin ya bambanta.

Bari in nuna yadda ɗan aji uku na sakandare zai fasa ta da biro. Akwai ƙa'idar da kowa ya koya: lamba sau kanta a cire ɗaya, daidai take da (lambar a cire ɗaya) sau (lambar a ƙara ɗaya). Misali 6 × 6 − 1 = 35, wato 5 × 7. To 2^64 ita ce 2^32 sau kanta. Saboda haka:

lambarmu = 4,294,967,295 × 4,294,967,297

Ta farkon ma haka take, 65,536 sau kanta a cire ɗaya, sai ta fashe zuwa 65,535 × 65,537. Ita 65,535 ta ba da 255 × 257. Ita 255 ta ba da 15 × 17. Ita 15 ta ba da 3 × 5. Cikin layi biyar mun sami 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297. Dalilin da ya sa aka yi ta fasawa har ƙasa shi ne 64 kanta rabi-rabi take sauka: 32, 16, 8, 4, 2, 1. Talatin ba ta da wannan halin, shi ya sa lambar dara ta fito da wasu tubalan dabam.

Ɗalibar Jami'a: Malam, na lura da wani abu. 3 × 5 = 15, a ƙara biyu 17. 3 × 5 × 17 = 255, a ƙara biyu 257. A ninka har da 257 a sami 65,535, a ƙara biyu 65,537. Kowacce ta gaba ita ce ninkin na baya duka da ƙarin biyu.

Malamin Lissafi: Madalla da ke. Kin taɓo amsar tambayata ta biyu. Idan wata lamba ta raba biyu daga cikinsu, dole ta raba wannan ƙarin biyun, wato dole ta zama 1 ko 2. Su kuwa duk mara ne, 2 ba ta raba su. Don haka babu biyu a cikinsu da suka haɗa mai rabawa. Masanin lissafi Christian Goldbach ya rubuta wa takwaransa Leonhard Euler wannan hujjar a 1730, kuma ita kaɗai ta isa ta nuna cewa lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka, domin kowace sabuwa a wannan jerin sai ta zo da nata da ba a taɓa gani ba.

Baba Tsohon Hedimasta: Ina biye da ku 'ya'yana. Amma Malam, kai ka kawo guda shida, Injiniya ya kawo bakwai. Ina 641 ta fito?

Malamin Lissafi: Baba, nan ne wurin da ya fi daɗi. Waɗannan shidan ana kiran su lambobin Fermat, da sunan Pierre de Fermat, wani masanin shari'a Bafaranshe da ke lissafi a lokacin hutunsa. A 1640 ya duba 3, 5, 17, 257, 65,537 ya ga duk marasa rabuwa ne, sai ya ce yana da yaƙinin duk waɗanda za su biyo baya haka suke. Ya faɗa a wasiƙunsa cewa bai kai ga cikakkiyar hujja ba, amma ya yi imani da abin. Aka zauna a haka shekara 92. A 1732 Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25 yana aiki a Rasha, ya nuna cewa ta shidan tana rabuwa: 4,294,967,297 = 641 × 6,700,417.

Kuma ba wai ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba ne har Allah ya sa ya dace. Euler ya tabbatar da cewa duk marar rabuwar da za ta raba wannan lamba, dole ta kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Idan ka jera su, ka zubar da masu rabuwa, abin da ya rage shi ne 193, 257, 449, 577, 641. A ta biyar aka kama ta. Fermat yana da duk kayan aikin da zai gano wannan, domin ƙa'idar da aka dogara da ita tasa ce. Misali biyar suka yi masa kyau, ya saki jiki.

Mai Kwamfuta: Malam, ka ƙarfafa maganata ne ba ka sani ba. Shekara 92 manyan masana suna kan kuskure a kan abin da wayar da ke hannun Alhaji za ta warware kafin ya ajiye kofin shayi. Ban raina Euler ba, amma zamaninsa ne ya tilasta masa wannan wahalar. Yau me zai sa mu tsare yara suna fasa lamba da biro?

Malamin Lissafi: To ba kwamfutarka ta 33 a jerin, idan an fara ƙirga daga sifiri: 2 a ninka ta da kanta sau 8,589,934,592, a ƙara ɗaya. Tsawonta ya wuce lambobi biliyan biyu da rabi. Har yau babu wanda ya san ko tana rabuwa ko ba ta rabuwa. Daga ta 5, wato 4,294,967,297, zuwa ta 32 an tabbatar duk suna rabuwa, kuma bayan 65,537 ba a sake samun ko ɗaya marar rabuwa ba. Wani abin mamaki, ta 20 da ta 24 an san suna rabuwa, amma ba a san ko lamba ɗaya da ke raba su ba. Yaya aka sani? Ta wata ƙa'idar gwaji da Pépin ya kawo a 1877, ita aka ɗora wa na'ura. Masu neman masu raba manyan lambobin Fermat a yau, siffar da Euler da wani masani mai suna Lucas suka gano ita suke ba kwamfuta ta bi. Ba don haka ba, da na'urar ba ta san inda za ta duba ba.

Mai Kwamfuta: Na yarda hujja ce ke nuna wa na'ura hanya. Amma ka yarda kai ma akwai inda biro ba zai taɓa zuwa ba. A watan Oktoban 2024 aka gano 2^136,279,841 − 1 marar rabuwa ce, tsawonta lambobi 41,024,320. 'Yar gidan su lambarmu ce, ninkin biyu a cire ɗaya, irin waɗanda ake kira lambobin Mersenne. Dubban na'urori ne suka yi aikin.

Malamin Lissafi: Ban musa ba. Amma ka lura, ba wanda ya ɓata wutar lantarki yana gwada 2^64 − 1 ko makamanciyarta, domin an daɗe da sanin cewa idan lambar da ke sama, wato 64 a nan, tana rabuwa, sakamakon ma dole ya rabu. Sai wadda ke sama ta zama marar rabuwa ake sa rai, kuma ko a nan ba tabbas. 2^61 − 1 marar rabuwa ce, wani limamin coci a Rasha mai suna Pervushin ya nuna haka a 1883. Amma 2^67 − 1, duk da 67 ba ta rabuwa, Frank Cole ya fasa ta a 1903: 193,707,721 × 761,838,257,287.

Almajirin Zaure: Malam, mu koma kan aji. A littattafan hisabi na da, an kasa lambobi gida uku: tammi, za'idi da naƙisi, wato cikakkiya, mai rara da mai giɓi. Ana tattara duk masu raba lamba ban da ita kanta. Idan jimillar ta zo daidai da ita, cikakkiya ce, kamar 6 da take 1 + 2 + 3, ko 28, ko 496, ko 8,128. Idan ta haura, mai rara ce, kamar 12 da masu raba ta suka ba da 16. Idan ta gaza, mai giɓi ce. Rabon ya fito ne daga Nikomakus Bagirke, kuma Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a 901, shi ya juya littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza. A zatona lamba mai girman wannan dole ta zama mai rara, tunda masu raba ta suna da yawa.

Ɗalibar Jami'a: Masu raba ta ba su da yawa yadda kake zato, Malam. Tunda bakwai ne kuma babu mai maimaituwa, kowacce ko dai a ɗauke ta ko a bar ta, wato 2 sau kanta sau bakwai. Guda 128 ne kacal, har da ɗaya da ita kanta.

Malamin Lissafi: Haka ne, kuma ba sai mun jera su 128 mun haɗa ba. Kowace marar rabuwa tana ƙara wa jimillar wani kaso. Uku tana ninka ta da 4 bisa 3, biyar da 6 bisa 5, sha bakwai da 18 bisa 17, haka har ƙarshe. 4 bisa 3 sau 6 bisa 5 ya ba da 1.6. Da 17 ya koma 1.694. Da 257 ya zama 1.7007, da 641 ya zama 1.7034, manyan biyun kuwa ƙarinsu bai kai a ji shi ba. Kafin lamba ta zama cikakkiya sai wannan ya kai 2 daidai. Idan aka cire ita kanta, jimillar masu raba ta kimanin kashi 70 cikin ɗari nata ce kawai. Don haka mai giɓi ce. Rara daga ƙananan masu rabawa take zuwa, musamman 2, ita kuwa ba ta da 2, ba ta da 7, ba ta da 11. Ga 12, da ƙanƙantarta, tana da rara.

Ɗalibar Jami'a: Na duba ɓangaren murabba'i kuma, wato lamba sau kanta. Ba murabba'i ba ce, domin duk murabba'in da ya ƙare da 5, da 25 yake ƙarewa, ita kuwa da 15 ta ƙare. Za a iya rubuta ta a matsayin murabba'i biyu a haɗe, kamar yadda 13 take 4 + 9?

Malamin Lissafi: A'a, kuma ko uku ba za su yi ba. Raba kowane murabba'i da 8, saura ba ya wuce 0, 1 ko 4. Gwada 9, 16, 25, 36, 49 ki gani. Lambarmu ɗaya ce ta rage mata ta cika ninkin 8, don haka saurarta 7. Yanzu ɗauki uku daga 0, 1 da 4, da maimaici, ki haɗa yadda kika ga dama, ba za ki sami abin da saurarsa 7 ba. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta da murabba'i huɗu. Tamu tana cikin masu taurin kan da sai an ba su huɗun cif. Ba mu taɓa lambobinta ashirin ba muka san wannan, siffarta kawai muka duba.

Baba Tsohon Hedimasta: Wannan shi ne abin da ke damuna da yadda ake koyar da lissafi yanzu. Yaro ya haddace ƙa'idar nan ta cire ɗaya da ƙara ɗaya don jarrabawa, bai taɓa ganin ta fasa wani abu mai girma a gabansa ba. Da za a rubuta wannan lambar a allo ranar Litinin, a ce wa aji su nemo masu raba ta guda biyar kafin Juma'a ba tare da kalkuleta ba, na tabbata akwai yaran da za su kwana suna tunaninta. Kuma kada su ɗauka aikin wasu ne can. A shekarar da Euler ya fasa lambar Fermat, 1732, wani malamin Katsina, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara lambobi cikin hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741. Fanninsu ba ɗaya ba ne, amma son bin diddigin lamba iri ɗaya ne.

Ɗan Dawanau: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni fa har yanzu ina nan da tambayata ta ɗan kasuwa. Na yarda sarki ba zai iya biya ba. Amma sanin cewa 65,537 tana cikinta, wa ya taɓa amfana da shi?

Mai Kwamfuta: Kai ma, Alhaji. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kulle bayanai a intanet, wadda ake kira RSA, tun 1977 ake da ita. Ƙarfinta ya dogara ne a kan cewa ninka manyan lambobi biyu marasa rabuwa abu ne mai sauƙi, amma a ba ka sakamakon a ce ka nemo su biyun, wannan ya fi ƙarfin na'urorin da muke da su idan lambar ta kai tsawon ɗaruruwa. A cikin makullin akwai wata lamba da ake bayyana wa kowa, kuma wadda aka fi zaɓa a duniya ita ce 65,537. An zaɓe ta ne don marar rabuwa ce, kuma a harshen na'ura ɗaya biyu ne kawai a cikinta, a farko da a ƙarshe, sauran sifiri, don haka lissafi da ita yana sauri. Shafukan banki da yawa da irin wannan makullin suke tabbatar wa wayarka cewa su ne na gaskiya.

Malamin Lissafi: Akwai kuma wani amfanin da ya girmi banki. A 1796 Gauss, bai cika shekara 19 ba, ya nuna ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kawai, abin da ya gagari masana tun zamanin Girkawa. Sharaɗin da ya fito, wanda Wantzel ya kammala a 1837, shi ne: idan adadin gefen mara ne, sai ya zama ninkin lambobin Fermat marasa rabuwa, ba maimaici. Don haka rabin allon Alhaji, 4,294,967,295, ita ce mafi girman lambar mara da aka san tana zanuwa. Lambarmu ta cikakken allo ba ta zanuwa, 641 ce ta hana ta.

Ɗalibar Jami'a: Malam, 641 ɗin nan ta tsaya mini a rai. Akwai yadda zan tabbatar tana raba 4,294,967,297 ba tare da dogon rabawa ba?

Malamin Lissafi: Akwai, kuma gajere ne. 641 tana da fuska biyu: 640 + 1 ce, wato 5 × 128 + 1, kuma 625 + 16 ce, wato 5 sau kanta sau huɗu da ƙarin 16. Mu yi lissafi da saura kawai, duk inda 641 ta cika mu zubar. Fuskar farko ta ce 5 × 128 daidai yake da ragin ɗaya. Ninka wannan da kansa sau huɗu, sai 625 × 2^28 ya zama daidai da ɗaya. Fuska ta biyu ta ce 625 daidai take da ragin 16. Sa shi a gurbinta, sai ragin 16 × 2^28, wato ragin 2^32, ya zama daidai da ɗaya. Ke nan 2^32 da ƙarin ɗaya ba ya barin saura.

Mai Kwamfuta: Wannan kam ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Duk da haka ina kan bakana cewa a makaranta a haɗa biyun, yaro ya yi hujja da hannu sannan ya rubuta 'yar manhaja ta tabbatar masa. Ga maƙwabciyar lambarmu, wadda ta ɗara ta da biyu, 18,446,744,073,709,551,617. Ita ce ta gaba a jerin Fermat. Landry ya fasa ta a 1880, yana tsoho mai shekara fiye da tamanin: 274,177 × 67,280,421,310,721. Biyu kacal. Idan kuma ana neman marar rabuwa mafi kusa ta ƙasa, sai an sauka zuwa 18,446,744,073,709,551,557.

Malamin Lissafi: A kan haɗa biyun ba mu da saɓani, saɓaninmu a kan wanne za a fara da shi ne, ni kuwa biro nake cewa. Ɗaliba, ga aiki. Lucas ya ƙara matse ƙa'idar Euler, ya nuna cewa masu raba wannan maƙwabciyar dole su zama ninkin 256 da ƙarin ɗaya. Gwada lambobin da Injiniya ya kawo.

Ɗalibar Jami'a: Na cire ɗaya daga 274,177 na raba da 256, ya ba ni 1,071 babu saura. Babbar ta ɗauke ni lokaci, amma ita ma ta fita: 262,814,145,745 × 256 + 1. Tunda Landry bai buƙaci gwada komai ba sai ninkin 256 da ƙarin ɗaya, cikin 1,071 ɗin nan ma nawa ne marasa rabuwa da ya zama dole ya tsaya a kansu? Yaya Injiniya, ka ƙirga mana da na'urarka, ni kuma zan fara tace ɗari na farko da hannu mu gwada amsa.